Ranar da Na Sa Aka Bi Layin Baba

Lokacin da wayar salula ta gama cika aljihun kowa a Abuja, har mai sayar da lemo a bakin ma'aikatarmu yana da guda biyu, a lokacin ne ni kuma na fara jin kaina. Lauya ce ni a sashen shari'a na wata ma'aikatar tarayya, irin lauyoyin nan da ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba, sai dai gaban injin kwafi. Zamanin farar hula ne, kuɗin mai yana shigowa, ko'ina ka waiwaya ana haƙa tushen bene, kuma duk matsalar da ta taso a ƙasa sai a kafa mata kwamiti a kai ta otal. Wata rana aka ce za a tsara ƙa'idar da za ta shata wa 'yan sanda iyaka a kan wayoyin jama'a: yaushe ne za su iya sauraron hirar mutum, yaushe ne za su iya bin layinsa su san inda yake. Ogana yana fama da ciwon baya, ba ya jure dogon zama, sai ya tura ni a madadinsa.

Na shiga zaman nan ne da niyyar shan shayi da cin samosa, amma kafin a tashi na zama 'yar gwagwarmaya. Tsarin mulki dai ya kare sirrin hirar waya, wannan kowane lauya ya sani, ni ce dai na riƙe shi kamar ni na haife shi. Matsayina guda ne ba ya motsi: ɗan sanda ba zai taɓa layin kowa ba sai da takardar alƙali. Akwai wani dattijo a kwamitin, tsohon jami'in tsaro mai furfura da sanyin murya, wanda ya ce a bar 'yar ƙofa saboda gaggawa, kamar in an sace mutum ko rai yana cikin haɗari. Ai kuwa na miƙe tsaye, na gyara gyale, na ce a ƙasar nan ko neman wurin ajiye mota gaggawa ce, in aka buɗe wannan ƙofa har raƙumi sai ya bi ta cikinta da kaya. Aka yi dariya, wasu suka tafa. Dattijon ya rufe bironsa. Na koma gida ranar ina tuƙi ina maimaita jawabina, har ina ƙara masa abubuwan da ban faɗa ba.

Daftarin da muka rubuta ya tafi inda daftari yake tafiya, wato cikin kabad. Amma ni ban shiga kabad tare da shi ba. A wurin biki, a wurin suna, a layin banki, da zarar wani ya ce yana jin kamar ana sauraron wayarsa, shi ke nan ya jawo wa kansa lacca. Wadda ta fi shan wahalata ita ce maƙwabciyata a rukunin gidajenmu da ke hanyar Dutse Alhaji. 'Yar sanda ce mai muƙami, 'yar Filato, mace mai faɗin kafaɗa da yawan dariya, wadda take aiko mini da acca duk lokacin da ta je gida, ni kuma in aika mata da naman Sallah. Barista take ce mini, ni kuma in ce mata Madam. Mukan tsaya ta kan katanga da yamma, ita tana kwashe shanya, ni ina zuba mata doka.

"Barista," takan ce, da Hausarta ta Abuja da ba ta damu da mace ko namiji ba, "kai dai kana magana ne kawai. Mu da motar ofis ma babu mai a ciki, wa yake da lokacin jin hirarka da tela?"

Wannan magana takan ɓata mini rai, don a zuciyata na fi so a ce ana saurarona.

Ana nan sai Baba ya zo. Mahaifina tsohon malamin gona ne, ya yi shekarunsa yana yawo a kan babur ƙauye ƙauye yana koya wa mutane tazarar shuka, da ya yi ritaya kuma ya koma gonarsa yana yin akasin abin da ya koyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwa yake ce mini tun ina rarrafe. Ciwon ciki ne ya daɗe yana cinsa yana ɓoyewa, har ya rame wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni da ƙanena, wanda yake aiki a Fatakwal, muka haɗa baki muka ɗauko shi kusan da ƙarfi muka kawo shi asibiti a Abuja. Aka yi hotuna, aka ɗebi jini, aka sa ranar aiki.

Abu na farko da na yi shi ne na saya masa waya mai manyan lambobi, na ɗaura mata igiya na rataya masa a wuya. Daga ofis nakan kira shi in ji ko ya sha magani. In kira in ji ko ya ci abinci. In kira in ji me ya sa ya daɗe bai ɗauka ba. In ya ce yana masallaci, sai in ce wane masallaci, na cikin layi ko na bakin titi? Na sa maigadi ya riƙa faɗa mini duk inda ya nufa da lokacin da ya dawo. In ya shiga wanka sai in ɗauki wayar in duba waɗanda suka kira shi, don ina zargin wani ƙanensa a gida yana haɗa shi da mai maganin gargajiya. Har laɓewa na sha yi a bayan ƙofar ɗakinsa, da faranti a hannu don in aka kama ni in ce abinci na kawo. Duk wannan ina yinsa da zuciya ɗaya, sannan in zauna a tabarma da daddare muna cin tuwo ina ba shi labarin yadda na kare 'yancin 'yan ƙasa a otal. Shi dai sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwa," ya ci gaba da tsame kuɓewarsa.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne abin da likita ya faɗa mini a baranda. Ciwon ya riga ya yi nisa. Aikin zai iya ƙara masa 'yan watanni, zai kuma iya zama ba a sauko da shi daga tebur da rai ba. Na kira ƙanena na faɗa masa da Turanci, ina kuka ƙasa ƙasa a kicin, muka yanke shawara cewa Baba ba zai sani ba, za a ce masa ƙaramin aiki ne. Mun yanke wa mutum hukunci a kan cikinsa, muka kuma yaba wa kanmu da tausayi.

Ranar da za a kwantar da shi, na shirya tun da safe, na haɗa filas da bargo, na ƙwanƙwasa ɗakinsa. Shiru. Na tura ƙofa na tarar an gyara gado tsaf, darduma ba ta nan, 'yar jakarsa ba ta nan. Maigadi ya ce ya fita sallar asuba kamar kullum, shi kuma barci ya ɗan ɗauke shi. Na kira layin Baba ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. A karo na gaba sai muryar matar nan ta kamfani ta ce wayar a kashe take, cikin ladabin da ya sa na ji kamar in shaƙe ta.

Ban san lokacin da na zagaya gidan Madam ba. Ta riga ta fita, sai na bi ta ofishinsu, da takalmin ofis a ƙafa ɗaya, har sai da na isa na lura ɗayan silifas ne. Ta gan ni ta miƙe.

"Barista, lafiya? Wa ya mutu?"

"Baba ne. Ya ɓata. Madam, ki sa a bi layinsa yanzu yanzu."

Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta fara tambaya irin tasu. An kira ni an nemi wani abu? A'a. Yana da mantuwa, yakan ɓata hanya? A'a, hankalinsa ya fi nawa. An ga alamar kokawa? A'a. Ya ɗauki kayansa? Na ce ya ɗauki jaka da darduma.

"To, Barista, mutum da hankalinsa ya ɗauki jakarsa ya fita da ƙafarsa. Wane laifi ne zan rubuta?"

"Ba laifi ba ne, rashin lafiya ne! Yau za a kwantar da shi!"

Ta ce hanyar da take a kan tsari ita ce ta rubuta, oganta ya sa hannu, a kai wa kamfanin waya, su kuma lauyoyinsu su ce sai sun ga takardar kotu, kuma kafin a gama wannan zagaye an yi kwanaki. Ba da gatse ta faɗa ba, bayani kawai take yi mini, kamar ban taɓa jin zancen ba.

Abin da ya fito daga bakina daga nan, da an naɗe shi an kai wa dattijon nan mai furfura, da ya sha dariya har ya ƙware. Na ce ai doka don mutane aka yi ta. Na ce rai yana cikin haɗari. Na ce duk tsarin da bai bar ƙofa saboda gaggawa ba, wanda ya rubuta shi bai san duniya ba. Ina faɗa ina jin muryata tana dukan bango tana dawo mini, na gane kalmomin sarai, na san mai su, amma ban tsaya ba. Tsoro ne ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ganin Baba ya faɗi a gefen titi a garin da babu wanda ya san shi, mutane suna tsallake shi suna sauri.

Madam ta dube ni. Sannan ta tura ƙofa ta rage murya.

"Akwai wani yaron da ya san wani. Ba a rubutawa, ba a sa hannu. In na kira shi zai duba inda layin ya tsaya kafin a kashe. Amma wannan shi ne abin da kake zagina a kai ta katanga. Kai za ka ce in kira."

"Ki kira."

"Ka tabbata?"

"Madam, don girman Allah ki kira."

Ta fita da wayarta. Na zauna ina kallon ƙafafuna, ɗaya lauya ɗaya 'yar aiki. Na so a ce na yi dogon tunani a wannan zama, na auna tsarin mulki da mahaifi a sikeli, amma gaskiya babu abin da na auna, addu'a kawai nake Allah ya sa yaron nan ya iya aikinsa. Ba a jima ba ta dawo ta ce layin ya mutu ne a wajen Utako.

Utako. Tashar mota. Wato na tattake duk abin da na yi shekaru ina wa'azi a kai don a faɗa mini abin da ko maigadina zai iya hasashe in da na tsaya na tambaye shi. Tsoho ya ɗauki jaka da darduma, ina zai je in ba tasha ba? Madam dai ta ciro takalmin da take ajiyewa a ƙarƙashin tebur ta miƙo mini, ya yi mini yawa, na ja shi haka nan.

Na tarar da tashar tana tafasa kamar kullum, 'yan kamasho suna kiran garuruwa, masu kaya suna jan hannun mutane. Na bi layin motocin da suke zuwa wajenmu ina leƙa tagogi. Can na hango hularsa. Yana zaune a gidan gaba na wata doguwar mota, ya ɗora jakarsa a cinya, yana shan shayi mai kauri da burodi, shayin da likita ya hana, ana jiran mota ta cika. Wayar ba ta wuyansa. Ya gan ni bai firgita ba, ya dai ƙarasa kurɓar da ya fara.

"Uwa, kin karya kuwa?"

"Baba, wane irin abu ne wannan? Ka san halin da ka sa ni?"

"Wa ya ce miki ina nan?"

Da na iya ƙarya da na ce zuciyata ce ta ba ni. Amma ban taɓa iya yi wa mutumin nan ƙarya yana kallona ba, a bayan idonsa kawai na ƙware. Na ce masa na sa an bi layinsa.

"'Yan sanda?"

"E."

"To. Wane alƙali ne ya sa hannu?"

Ashe duk daren nan da yake tsame kuɓewa yana jina. Wani fasinja a baya ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai ma san kan zancen ba, fuskata kawai ya gani. Baba ya ajiye kofin a kan gaban mota, ya buɗe ƙofa ya fito a hankali yana dafa ƙarfe, ya ja ni gefe kusa da wata mai sayar da gyaɗa.

"Kina laɓewa a ƙofata da faranti," in ji shi, "ina ganin inuwar ƙafarki ta ƙasa. Ban ce komai ba, gidanki ne. To ni ma na ji taki wayar a kicin. Kin manta da Turanci na yi aikin gwamnati tun ba a haife ki ba?"



"Baba, mun yi haka ne don kada hankalinka ya tashi."

"Na sani. Ba fushi nake ba. Amma cikin nawa ne, Uwa. Ran ma aro aka ba ni, ba ke aka ba ajiya ba. In saura kaɗan ne, ba na so in ƙarar da shi a ɗakin da ba a buɗe taga, ana leƙo ni ana rubutu. An yi ruwan shuka a gida. Ina so in ga gero ya fito."

"Da ka faɗa mini."

"Yaushe kika tambaye ni? Kullum tambayarki ina nake. Ba ki taɓa cewa me nake so ba."

Na fashe da kuka a tsakiyar tashar Utako, da gyalen ofis da takalmin aro, har mai gyaɗa ta ce in yi haƙuri, Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Baba ya ce mata bai rasu ba tukuna, ga shi nan tsaye. Na yi dariya cikin kukan, majina da hawaye suka haɗu, babu sauran lauya a jikina.

Na roƙe shi. Na ce ya dawo mu sake ganin likita tare, a yi maganar a gabansa da Hausa, shi ya yanke. Ya ce ya riga ya yanke. Na ce to bari in bi shi, ga mota saura mutum ɗaya. Ya ce yarana suna makaranta za su dawo su tarar da gida babu kowa, in zo ranar hutu kamar yadda 'ya take zuwa gaida ubanta, ba kamar mai rakiyar fursuna ba. Ina da lambar likita a hannuna, ina da ƙanena da zai iya yi masa magiya, ina da Madam da za ta iya sa a tsayar da motar a shingen farko. Duk na san wannan, shi ma ya san na sani. Ya tsaya yana kallona yana jira ya ga abin da zan yi.

Na ɗauki jakarsa na mayar masa kan kujera. Na sayo masa ruwa da ayaba. Na ja direba gefe zan fara ba shi umarni, in karɓi lambarsa, in ce ya riƙa kirana a kowane gari, sai na ji idon Baba a ƙeyata. Na ce wa direban Allah ya kiyaye hanya kawai, ya dube ni yana mamakin abin da ya sa na jawo shi gefe don wannan.

Wata mata mai goyo ta cike gurbin da ya rage, aka rufe ƙofa. Baba ya ɗaga mini hannu sau ɗaya ya juya yana gyara zama.

Ranar ban je ofis ba. Na zauna a falo da waya a cinya, yatsana yana zuwa kan lambarsa yana dawowa. Na yi azahar, na yi la'asar, na share kicin da yake a share. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya irin rashin kiran nan ba. Ban san ko sun wuce Kaduna ba, ban san ko ciwon ya motsa masa a hanya ba, ban san komai ba, kuma haka na zauna da rashin sanin.

Gab da magariba wayar ta yi ƙara. Sai da na ga lambar na tuna cewa tun da na saya masa wayar nan, bai taɓa kirana da ita ba, ni ce kullum mai kira. Na ɗauka. Ina jin kukan awaki a bayansa da muryoyin yara suna yi masa sannu da zuwa.

"Uwa," ya ce, muryarsa a gajiye amma a sake, "na iso. Ga ni a zaure an kawo mini fura. Na ce bari in faɗa miki da bakina."

Ya ga geron ya fito, ya ga ya yi kai. Ba shi ya girbe shi ba.